Kafin Mu Sayi Kwamfutocin Makarantarmu: Magana Kan Akwatin Wuta

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin gwamnati a Katsina, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a zauren makaranta, Tsiga.



Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiyarmu da 'yan majalisarsa, Malam Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai waɗanda suka sha fama da mu, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, da kuma ɗaliban da aka ba izinin zama a bayan zaure, ina yi muku barka da zuwa.

Ranar da Malam Sakatare ya kira ni ya ce an sa sunana cikin masu magana a yau, sai na tambaye shi ko manya sun ƙare ne. Ya ce a'a, maganar ɗakin kwamfuta ce, kuma an ji ina ta gunaguni a kanta, saboda haka in zo in yi gunagunin a gaban jama'a. To, ga ni na zo. Amma bari in fara da faɗin gaskiya: ni ba injiniya ba ne. Sha'anin mulki na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aikina kuwa fayil ne da biro. Abin da ya sa na yarda in tsaya a nan shi ne na taɓa sa hannu a kan wata takardar sayayya, har yau kuma ina jin kunyar wannan sa hannun.

Kowa a nan ya san dalilin da ya sa muka ɗauki wannan aiki. Mu da muka gama a wajajen 2007 da 2008, da fensir muka rubuta jarrabawar JAMB. Ni kaina ban taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba sai da na je Zariya, a wani shagon intanet a Samaru, inda na biya kuɗin awa guda, na ɓata rabinta ina neman inda haruffa suka ɓuya. Amma tun daga 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda, sai ta kwamfuta, kuma a 2024 hukumar WAEC ma ta fara nata ga masu rubutawa daga waje. Yaron da ya tashi a Tsiga, ya iya lissafinsa, ya yi karatunsa, a ɗauke shi a mota a kai shi Funtuwa ko Katsina, ranar jarrabawa ta zama ranar da ya fara riƙe linzamin kwamfuta, wannan yaro an cuce shi. Saboda haka ne muka yi karo-karo, wasunmu daga albashi, wasunmu daga kuɗin masara da auduga, har muka tara abin da muka tara.

Yanzu akwai takardu biyu a gaban kwamiti. Ɗan kasuwa na farko ya ce da kuɗinmu zai kawo kwamfuta 20 sababbi, waɗanda ake haɗawa a shago. Na biyu ya ce 16 kawai zai iya, amma da akwatin wuta mai suna a cikin kowace, da na'urar daidaita wuta, da aikin wayar ƙasa. Na ji yawancinmu sun karkata ga ta farko, kuma ban ga laifinsu ba, don 20 ta fi 16 a kowane lissafi. Ni dai roƙona a ba ni 'yan mintoci in yi bayanin abin da ke tsakanin takardun nan biyu.

In ka juya bayan kwamfutar tebur, za ka ga inda wayar wuta take shiga, kusa da wata 'yar fanka. Wannan wurin bakin wani akwatin ƙarfe ne da bai wuce girman bulon sabulu uku ba. 'Yan kasuwa suna ce masa fawa-fak, ko da yake ba ruwansa da mahauta. Ni zan riƙa ce masa akwatin wuta. Wutar da ke fitowa daga bango ƙarfinta bolt 230 ne, kuma kai da komo take yi sau 50 a kowace daƙiƙa. Kayan cikin kwamfuta kuwa ba su iya shan wannan. Abin da suke so wuta ce 'yar kaɗan mai tafiya hanya ɗaya, bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3. Ƙa'idar da kamfanin Intel ya shimfiɗa tun 1995, wadda ake kira ATX, ta ba da rangwamen kashi 5 cikin 100 ne kawai sama ko ƙasa, wato layin bolt 12 kada ya sauka ƙasa da 11.4, kada kuma ya haura 12.6. Masu noman rani a cikinmu za su gane wannan da sauri. Ruwa na nan a rafi da ƙarfinsa, amma ba a sakar wa irin tumatir shi gaba ɗaya, sai an bi da shi ta ƙorama ana buɗewa ana toshewa, fangali bayan fangali. Akwatin wuta shi ne mai ban-ruwan. In ya iya aikinsa babu mai tunawa da shi. In bai iya ba, dare ɗaya zai kwashe lambun.

Ga abin da ya faru da ni. Shekarun baya, ina ƙaramin jami'i a wani ofishi da ba zan kama sunansa ba, aka naɗa ni sakataren kwamitin sayayya, za a sayi kwamfuta 12. 'Yan kwangila uku suka kawo takarda, muka ɗauki mafi araha, kamar yadda aka saba. Da kayan suka iso na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya: girman allo daidai, ƙwaƙwalwa daidai, rumbun ajiya daidai. Na ƙirga, na sa hannu, har ina jin kaina na kare wa gwamnati kuɗi. Ko sau ɗaya ban juya bayan kwamfutar ba, don ban san akwai abin dubawa a can ba.

Wata takwas bayan haka, a cikin zafin watan Afrilu, an ɗauke wuta tun safe, wajen azahar aka dawo da ita. Sai muka ji fau! daga ɗakin akanta, ƙaurin roba ya cika baranda. Kwamfuta biyu suka tafi a lokaci guda. Abin baƙin cikin, akwatin bai mutu shi kaɗai ba, sai da ya zuba wutar da ta fi ƙima a cikin babban farantin kwamfutar da rumbun ajiyarta. A cikin ɗayansu kuwa akwai lissafin haƙƙoƙin ma'aikatan da za su yi ritaya a wannan shekarar, kuma ba mu ajiye kwafinsa a ko'ina ba, wanda shi ma laifinmu ne. A kusurwar wannan ɗaki akwai wata tsohuwar kwamfuta da muke yi wa dariya, ta haura shekara goma tana aiki. Ita ma wutar ta same ta, amma sai ta kashe kanta kawai. Da aka danna ta, ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Cikin waɗanda sunansu ke cikin lissafin nan akwai masinjanmu, dattijo, ya cika shekara 35 yana aiki. Sai da aka koma fayil-fayil ana sake tattara takardunsa, kafin a gama an rufe jerin wannan zangon, ya ƙara wata bakwai yana jira. Kowace Litinin zai zo ya zauna a kan bencin ƙofar ofishina, ya ce, “Ranka ya daɗe, ko an samu?” Mutumin nan ya girmi mahaifina. Ni kuma in ce, “Baba, a ƙara haƙuri.” Bai taɓa sanin cewa sa hannuna ne ya zaunar da shi a kan bencin nan ba, ni kuwa na sani.

Daga baya na ɗauki ɗaya daga cikin akwatunan da suka ƙone na kai wa wani mai gyara a titin Beirut a Kano. Ya kwance shi, ya juya shi a hannu, ya yi dariya. Ya nuna mini wurare a jikin farantin ciki inda aka zana hoton kayan da ya kamata a dasa, amma ramukan fayau, an sa 'yar waya an tsallake su. Ya ce, “Yallaɓai, an rubuta wat 500 a jiki, amma wannan in ya ba da 200 ya yi ƙoƙari.” Daga ranar na fara karatu a kan abin, kuma abin da na fahimta shi zan gaya muku.

Na farko shi ne rubutun jiki. Mu 'yan wannan yanki, tun zamanin shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 iyayenmu suka saba da buhun taki, kuma kowa ya san rubutun 15-15-15 a bayan buhu ba shi ne ke sa masara ta yi kore ba. An sha sayar wa manomi yashi da rubutu mai kyau. To haka wat 500 ɗin nan yake, buga shi a takarda ba ya cin ko kwabo. Amma akwai hanyar kama mai ƙarya da lissafin aji uku. A jikin kowane akwati akwai ɗan jadawali da ke nuna bolt da amp na kowane layi, kuma in ka ninka bolt da amp, wat zai fito. Kwamfutar zamani kusan duk abincinta daga layin bolt 12 take ci. Alal misali, in ka ga an rubuta wat 500 da manyan baƙaƙe, amma a ƙarƙashin bolt 12 an sa amp 14, to 12 sau 14 ya ba ka 168. Sauran ina suke? A bakin mai sayarwa. Kuma wannan ma in jadawalin gaskiya ya faɗa ke nan. Abin ban haushi, kwamfutar aji irin wadda muke so da wuya ta ci wat 100, saboda haka akwati mai wat 250 ko 300 na gaskiya ya ishe ta har da ragi. Ba babba muke nema ba, mai gaskiya muke nema.

Na biyu shi ne abin da ake cirewa don a karya farashi. Akwatin kirki yana da masu gadi a ciki. Akwai mai kashe shi in wutar da yake fitarwa ta haura ƙima, akwai mai kashe shi in an ja fiye da ƙarfinsa, ko wayoyi sun haɗu, ko zafi ya yi yawa. A bakin shigar wuta kuma akwai matata da ke tare ƙazantar layi, da wani ɗan abu mai kama da kwabo da ke shanye bugun wuta na farat ɗaya. Duk waɗannan ba sa ƙara wa kwamfuta sauri, mai saye ba ya ganinsu, kwamfuta kuma za ta tashi lafiya lau ko babu su. Shi ya sa su ne farkon abin da ake zarewa. Tsohuwar kwamfutar nan ta ofishinmu masu gadinta ne suka cece ta. Sababbin kuwa gidan babu ko ƙyaure.

A da ana cewa a ɗaga akwati a ji nauyinsa, don na kirki yana da ƙarfen shanye zafi mai kauri da tagulla mai yawa. Dabarar tana da amfani har yanzu, domin in ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, ajiye shi. Sai dai masu algus sun gano muna yin haka, har an taɓa buɗe irin waɗannan akwatuna aka sami dunƙulen siminti a ciki an yi masa siffar naɗin waya. Wayar da ke zuwa bango ita ma a duba ta. Wata in ka kankare za ka ga farin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla, kuma irin wannan ta fi saurin ɗaukar zafi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato inda za mu ajiye kwamfutocin nan. Ba a Landan za su zauna ba, a Tsiga za su zauna. A cikin akwatin wuta akwai wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasita, masu gyaran rediyo sun san su, aikinsu tara wuta da lallashinta ta fita sumul. A cikinsu akwai ruwan sinadari, zafi kuma yana busar da shi. Ƙa'idar da masu ƙera su suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Akwai waɗanda aka yi don jure digiri 85, akwai na 105, kuma ba sai na faɗa muku wanne ake sa wa a akwatin araha ba. To ku tuna ajinmu a watan Maris da Afrilu, rufin kwano, zafi yana neman digiri 40 a inuwa. Kafin nan kuma hunturu ya riga ya cika fankar da ƙura, ta toshe, iska ba ta wucewa. Akwatin da zai yi shekara uku a ɗaki mai sanyi, a nan sai a yi sa'a ya ga damina biyu.

Sai kuma ita kanta wutar. Muna makarantar nan a 2005 aka canza wa NEPA suna ta koma PHCN, a 2013 aka sayar da harkar rarrabawa, mu a Katsina muka faɗa ƙarƙashin KEDCO tare da Kano da Jigawa, amma har gobe in an kawo wuta NEPA yara suke ihu. Ko wane suna aka kira ta, garin da ke ƙarshen dogon layi, da gidaje da yawa a kan taransifoma ɗaya, dole wutarsa ta riƙa hawa da sauka. In kuma wayar nan da ake kira nutural ta kwance ko ɓarayin tagulla suka yanke ta, wutar da ke shiga gida tana iya tashi ta doshi bolt 400. In babu wuta a ta da ƙaramin janareto, wanda shi ma in mai ya kusa ƙarewa sai ya riƙa tari, wutar tana tari tare da shi. Ga tsawa da damina. Saboda haka mu ne muka fi kowa bukatar akwati mai masu gadi, amma mu ne aka fi turo wa marasa su, don an san farashi muke fara tambaya.

Na ji ana maganar daga baya za mu sa wa ɗakin sola, kuma ina goyon baya. To a nan ma akwatin yana da magana. Ba duk wutar da ya sha yake miƙa wa kwamfuta ba, wata tana zama zafi ta ɓace. Akwai wata alama da aka fara a Amurka a 2004, ana kiranta 80 Plus, ma'anarta akwatin yana miƙa aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da ya sha. Mu ɗauka kwamfuta tana son wat 100. Mai kashi 80 zai ja 125 daga bango. Wanda ke ba da kashi 65, a ce, zai ja wajen 154. Bambancin wat 29 ne, in ka ninka sau 20 ya zama 580, wato kusan faifan sola babba guda ke nan da za mu saya don kawai mu ɗumama ɗakin da ya riga ya yi zafi. Amma a lura, wannan alama tsimin wuta take aunawa, ba amincin akwati ba, kuma ita ma ana buga ta jabu. Alhamdu lillahi masu ba da ita suna da jerin sunayen akwatunan da suka gwada a intanet, kowa zai iya dubawa da wayarsa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce babban suna ba ya kuskure. A farkon shekarun 2000 an yi wata annoba ta kafasitoci marasa kyau da suka shiga kayan manyan kamfanoni, suna kumbura suna tsiyaya, har kamfanin Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 a 2005 don gyaran kwamfutocin da abin ya shafa. A 2021 ma masu gwaji a Amurka sun nuna wasu akwatunan wuta na kamfanin Gigabyte suna fashewa, har kamfanin ya ce a dawo da su a canza. Bambancin shi ne waɗannan an san ƙofar gidansu, an kama su, sun biya. Akwatin da ba shi da suna sai hoton zaki ko na mikiya, in ya ƙone wa za ka kama? Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, tana da tsarin SONCAP tun 2005, wanda ya wajabta a tantance irin waɗannan kaya kafin a shigo da su. Haƙƙinmu ne mu ce ɗan kasuwa ya nuna mana takardar. Alamar CE kuwa da ake nuna mana da alfahari, a kan irin wannan kaya mai ƙerawa ne da kansa yake buga ta.

Akwai hanya ta uku da ba a kawo wa kwamiti ba, kuma ni a ra'ayina ta cancanci a duba, wato kwamfutocin ofis na gwanjo irin su Dell da HP. Sau da yawa akwatin da ke cikinsu, duk da tsufansa, ya fi sabon da ba shi da suna, don manyan masana'antu irin su Delta da Lite-On ne suke yi musu. Illarsu biyu. Da yawansu bakin wayarsu na daban ne, in akwatin ya mutu sai irinsa. Sannan waɗanda suka fito daga Amurka, inda wutarsu bolt 120 ce, wasu suna da ɗan jan makunni a baya mai rubutun 115 da 230. In yana kan 115 ka soka a bangonmu, ko ƙiftawar ido ba za a yi ba, an gama. Yara kuma kun san su da taɓe-taɓe, mu ma mun yi. In mun sayi irin waɗannan, a tura makunnin kan 230 a liƙe shi da gam tun ranar farko.

Wannan magana ba ta tsaya kan kwamfuta ba, don kowa a zauren nan yana da ƙaramin akwatin wuta a aljihunsa, wato cajar waya. Aikinsu ɗaya ne, ta karɓi 230 ta ba da 5. Abin da ke raba hannunka da bolt 230 tazara ce 'yar ƙarama da rufi a cikin cajar, kuma a ta jabu wannan tazarar ake cinyewa. A 2013 wata budurwa ta rasu a ƙasar Sin tana amsa waya a jikin caji, aka danganta abin da caja ta jabu, har kamfanin Apple ya buɗe shirin karɓar irin waɗannan cajoji yana ba da nasa a kan rangwame. In caja tana zafin da ba ka iya riƙe ta, ko tana ƙara, ko wayar tana ɗan jan hannu, ka rabu da ita. Kuma don Allah a daina kwana da waya a kan katifa tana caji.

Yanzu in koma ga Yaya Ma'aji, wanda na san yana jirana. Hujjarsa ita ce, kwamfuta huɗu da za mu rasa yara ne za su rasa wurin zama, a aji mai mutum sittin kuwa kowace kujera tana da daraja. Wannan gaskiya ne, kuma na san ba don kansa yake faɗa ba, shi ne ya bi mu gida-gida yana karɓar kuɗin nan. Amma Yaya, kwamfutoci 12 ɗin nan na ofishinmu, kafin shekara biyu huɗu ne suka rage suna tashi. Akwatin wuta da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kwamfuta, amma in ya tashi tafiya yana iya jan sauran taran. Garin neman gira kada mu rasa ido. Kuma mu ba gwamnati ba ne da za mu sa a kasafin baɗi. In waɗannan suka mutu, da wace fuska za mu koma wa mutanen da suka sayar da buhun masara suka ba mu? Ban ma yi maganar gobara ba, a ginin da ke jikin ɗakin karatu, da silin katako, da yara a ciki.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kwamiti. Duk wanda za a ba aikin, a rubuta sunan akwatin wutar da lambarsa a cikin yarjejeniya, da garantin aƙalla shekara guda a rubuce, ba a baki ba. Ranar da kaya suka iso a buɗe murfin kowace kwamfuta a karanta da ido, don an sha nuna samfuri mai kyau a kawo wani. A riƙe wani kaso na kuɗin sai kayan sun yi wata uku suna aiki. A kira mai aikin wuta na gaske ya ja wa ɗakin layinsa daban, ya kafa sandar ƙasa ya auna ta, domin ƙafa ta uku da ke jikin fulogi ba ado ba ce, ita ce ke kwashe wuta in ta zubo a jikin ƙarfen kwamfuta kafin ta bi ta jikin yaro. Kada a ga fis ya ƙone a naɗa masa waya, kada kuma a soka tsirarar waya a soket a danne da tsinken ashana, kamar yadda muka riƙa yi a ɗakin kwana muna dafa ruwa, Malam yana nan yana jina, yau na tona asirin. A sa babban makunni ɗaya a bakin ƙofa, in an ɗauke wuta a kashe shi, in an dawo da ita a jira 'yan mintoci. In hadari ya haɗu a zare komai daga bango. A ajiye tukunyar kashe gobara irin ta iska da bokitin yashi, a kuma koya wa yara cewa ba a zuba wa gobarar lantarki ruwa. Ƙarshen kowane hunturu a hure ƙurar.

Ku kuma ɗalibai da ke baya, na san a cikinku akwai masu son kwance abu su ga cikinsa, kuma irinku ne ke zama injiniyoyi. Ku kwance komai a gaban malaminku, ban da akwatin wuta. Babbar kafasitar da ke ciki tana riƙe fiye da bolt 300, kuma tana iya ci gaba da riƙewa bayan an zare waya daga bango.

Mai girma shugaban taro, na zo da akwatuna biyu, suna kan teburin da ke bakin ƙofa. Ɗaya shi ne wanda ya ƙone a ofishinmu, na roƙa aka bar mini shi bayan an soke shi daga rajista, mai gyara ya sauke masa wuta tuntuni, babu haɗari. Ɗayan na aro shi ne daga wani abokina mai shago a Funtuwa, da sharaɗin in mayar masa gobe. Kafin a kaɗa ƙuri'a bayan sallar la'asar, ina roƙon kowa ya tsaya ya ɗaga su, ya leƙa ramukan da na faɗa, ya kuma ninka lambobin da ke jikinsu da kansa. Yaya Ma'aji, kai nake so ka fara.